Fatar da Ta Haɗiye Korau Majemi

To, ga ta nan tafe, wannan karon da ratsi a bayanta. Ku gyara zama ku ba ta hanya.

A wani gari na bakin rafi, inda bagaruwa ta fi gero yawa, an yi wani majemi ana ce da shi Korau. Gwanin jima ne na gaske. In ya jiƙa fatar akuya a ruwan toka, ya karce gashin da kartaji, ya tsoma ta a kwatarniyar bagaruwa, sai ta fito da laushi kamar kunnen jariri. Aibinsa guda ne: bakinsa bai iya cewa "na yi kuskure" ba.

Matarsa Ladingo kuwa 'yar dukawa ce, da basilla a hannu ta tashi. Kun dai sani, majemi ba ya ɗinki, baduku ba ya jima. To duk ranar da wuƙar Korau ta zame ta huda fata, ba ya cewa uffan. Sai ya ɗauki gawayi ya zana ƙafar kaza kusa da hudar, layi uku masu haɗuwa wuri ɗaya, ya jefa fatar a kwandon matarsa ya wuce yana tarin ƙarya. Ita kuma ta ɗinke tsaf, amma ba ta taɓa ƙulle zaren ƙarshe. Haka za ta bar shi yana reto sai ya zo da ƙafarsa.

"Ladingo, wannan zaren fa?"

"Wane zare, Maigida? Ai na ɗauka fatar ce ta yaga kanta. To ta ƙulle kanta mana."

"'Yar dukawa, ƙulle mini, masu kaya na jira."

"Sarkin ƙamshi ya yi magana, wa ya isa ya ƙi?"

Haka suke zaune har furfura ta fara yi musu sallama.

Ran nan da hantsi wani baƙo ya shigo majema da buhu a kafaɗa, duk ya rame, idonsa ya faɗa. Ya zazzage buhun, sai ga fata irin wadda Korau bai taɓa gani ba. Ba damisarmu ba ce mai ɗigo-ɗigo. Wannan ruwan goro ce, cikinta fari, baƙin ratsi ya sauko mata tun daga goshi har wutsiya, tsawonta ya fi ƙofar zaure. Baƙon ya ce damisar gabas ce, daga bayan teku ta fito, kuma tun da ya ɗauke ta kullum nauyi take ƙarawa. Ya roƙi a ba shi salka a madadinta, aka ba shi, ya fita bai waiwayo ba.

Korau ya sa aska ya ɗan aske gefe guda don ya ga lafiyar fatar. Sai ya ga ratsin ba a gashi kaɗai yake ba, yana nan kwance a jikin fatar ma.

Ladingo ta leƙo da ludayi a hannu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Maigida, wannan ba ta yanka ba ce. Dubi layukan nan, kamar rafuka ne da hanyoyi. Naɗe ta ka ajiye."

"In ajiye ta ta yi mini me? 'Yan dambe da 'yan tauri da mafarauta, kowa neman guntun fatar damisa yake a rufe masa layar kwarjini. Koma kan tukunyarki."

Ya wasa wuƙarsa, wata mai ɗan giɓi a baki, ya shiga yanka. Duk yankan da ya yi sai ya ji kamar itatuwa na faɗuwa can nesa, ya ce ai iska ce. Yana cikin haka wani ɗan dambe mai wucewa ya gani, ya nace, Korau ya ba shi yankin tsakiyar baya, mutumin ya cusa a aljihu ya kama hanyarsa. Sannan Korau ya durƙusa a kan yankin ƙugu zai daidaita bakinsa. Gwiwarsa ta nutse kamar cikin taɓo. Ƙugunsa ya bi, kafaɗunsa suka bi, fatar ta rufe a kansa.

Da ya buɗe ido, sai ga shi cikin ciyawa wadda ta fi raƙumi tsawo, rawaya, inuwar itatuwa ta ratsa ta baƙi-baƙi. Ga zafi mai gumi, ga ƙarar tsuntsayen da bai san sunansu ba. Ya yi salati, ya soke wuƙarsa a ɗamara, ya nufi gabas.

Bai yi nisa ba dajin ya ƙare. Ba ƙarewa irin ta daji ba, wadda itatuwa ke raguwa a hankali. Yanke shi aka yi. Akwai itacen da rabinsa na nan, rabi babu. Akwai rafin da ya zo da gudu ya tsaya cak. Daga nan sai wani farin fili, ba inuwa ba ciyawa, hayaƙi na yawo a kansa, ana jin sarar gatari da kukan manyan motoci amma ba a ganin kowa. Ya miƙa ƙafa zai taka, ƙasar ta ƙone masa tafin ƙafa.

Ya juya yamma, haka. Kudu, haka. Arewa ma haka. A can ne ya lura da wani ɗan tudu da ke bin bakin yankan, siriri, bai karkace ba. Ya zaro wuƙarsa ya dubi giɓin bakinta, ya dubi tudun. Sai ya zauna a ƙasa.

"Ka gane aikinka, ya kai ɗan Adam?"

Wata tsohuwa ce zaune a kan reshe, ta yafa mayafin ganye. Idonta ruwan zuma, bayan kowane kunnenta da farin tabo. Ba ta da inuwa, don ita kanta inuwar ce.

Korau ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, baƙo ne ni, ɓatan hanya na yi."

"Ba ka ɓata ba. Kana tsakiyar abin da ka yanka. Ni ce Duhuwa, mai rainon masu ratsi tun ba a ƙera gatari ba. Kowace damisa tana ɗauke da hoton dajinta a bayanta, shi ya sa ba za ka sami biyu masu ratsi iri ɗaya ba. Wadda ta faɗa hannunka kuwa fatar kakarsu ce ta fari, dajin duka yana kanta. Da safe ƙasa ɗaya muke. Yanzu tsibirai ne."

"Ranki ya daɗe, wuƙar ce..."

"Wuƙar ce ta zo da ƙafarta?"

Tsohuwa ta sauko daga kan reshe.

"Biyo ni, ka ga wadda ranka ke rataye da nata."

Ta kai shi bakin wani tafki. Da fari bai ga komai ba sai ciyawa da inuwa. Can sai wani yanki na ciyawar ya yi numfashi, ya miƙe, ya zama damisa. Ta sauka cikin ruwan har wuya ta kwanta, ta lumshe ido.

"Kyanwa a ruwa?" in ji Korau, bai san ya faɗa ba.

"Wannan irin ruwa abokinsu ne. Sukan haye kogi da iyo, in rana ta yi zafi nan suke wuni. Sunanta Auta. Su uku aka haifa cikin sarƙaƙiya, idonsu a rufe, ko tafiya ba su iya ba. Ambaliya ta ci ɗaya, yunwa ta ci ɗaya. Uwarsu ita kaɗai ta yi rainonta, ta koya mata sanɗa, ta koya mata haƙuri, don farautarsu sau da yawa a banza take tashi. Damina ta zagayo, ta sake zagayowa, yanzu Auta ta isa barin gida. Manyan mata biyu ba sa zama a daji ɗaya in ya yi ƙanƙanta. Kowace tana bukatar ƙasa mai faɗi da barewa masu yawa. Jiya hanyarta a buɗe take zuwa Kogin Iwa, can wajen kafaɗar fatar, inda akwai fili ba mai shi, akwai kuma mazan da ba danginta ba. Yau ka rufe ta da uwarta a ɗaki ɗaya."

"In ba ta fita ba fa?"

"Barewa su ƙare. Uwa ta juya wa 'ya, ko yunwa ta kori ɗayarsu cikin Farin Fili. Ga sharaɗina, ɗan Adam. Ranar da Auta ta sha ruwan Kogin Iwa, ranar za ka ga gidanka. In ta mutu a nan, a nan za ka tsufa."

Tsohuwa ta narke cikin inuwar itace.

Korau ya shiga dabara. Ya tuƙa igiya da ɓawon itace ya jefa hayin Farin Fili, igiyar ta ƙone kafin ta sauka. Ya haƙa rami zai bi ta ƙarƙashi, ya tarar da fari a ƙasan ma. Ya hau itace mafi tsawo, ya hango sauran tsibiran can nesa, kore-kore, kowane da wata halitta mai ratsi tana kai da kawowa a bakinsa kamar ɗaurarren doki. Shi ma haka ya koma. Ya san kowane kututture, ya san kowace tururuwa. In ya tashi tafiya, kafin gumi ya keto masa ya iso bango. 'Ya'yan ɓaure yake ci, su ma suna raguwa. Barewa kuwa da ya gani garke-garke ranar da ya zo, sai ga shi yana gane su da fuska.

Wata rana da azahar yana zaune a bakin yankan, sai ya ji murya mai zaƙi kamar ta dillali.

"Sannu da hutawa, Sarkin Majema. Irinka a ce yana cin ɓaure kamar biri?"

Wani abu ne ya taso daga Farin Fili. Jikinsa duk waya ce a murɗe, haƙoransa na ƙarfe, ya sa babbar riga ta guntayen fatu, yana warin kananzir.

"Wane ne kai, bawan Allah?"

"Ni ne Sarkin Tarko, abokin cinikinka tun ba ka san ni ba. Duk wanda ya nemi guntun fata, ni yake aika, ko bai san sunana ba. Duba nan."

Ya buɗe hannuwansa, sai ga wata ƙofa zagayayya tsaye a iska. Ta cikinta Korau ya hango tsakar gidansa, ga kwatarniyoyinsa, ga hayaƙin murhun Ladingo. Har ƙamshin daddawa ya ji. Hawaye ya cika masa ido.

"Abu kaɗan nake so. Auta ta saba da warinka, ba ta gudunka. Ja ta zuwa nan. Fatarta shimfiɗar attajiri, ƙashinta a daka a ce magani ne, gashin bakinta laya. Ba abin da za a zubar. Kai kuwa ka ci tuwon gidanka yau."

Ba zan ɓoye muku ba, Korau ya miƙe, har ya yi taku wajen tafki. Sai ya waiwayo ya sake duban ƙofar. Mutumin da ya shekara yana ɗaure awaki ya san zarge in ya gan shi. Can saman ƙofar akwai wani ɗan ƙulli mai zamewa.

"Ranka ya daɗe, bari hulata ta riga ni, ta gaya wa iyali ina tafe."

Ya cire hular ya jefa. Ƙofar ta tsuke, ƙyas, hula ta faɗi gida biyu.

"Ashe ba ka gode wa alheri," in ji Sarkin Tarko, zaƙin muryar ya tafi. "Zauna. Yunwa ma'aikaciyata ce, za ta kawo mini ku duka." Ya nutse cikin farin.

Korau ya koma cikin daji. A hanya ya tarar da uwar Auta, ƙatuwa, ta miƙe tsaye a jikin wani itace tana kartarsa da farce, ɓawo na zuba. Ta sauko, ta juya ta fesa masa fitsari, ta wuce. Jim kaɗan Auta ta zo ta sansana wurin, ta yamutsa fuska, ta koma da baya.

"Me ta ce mata?" Korau ya tambayi inuwa, don ya san tsohuwa ba ta nisa.

"Ta ce nan nawa ne, kada ki ƙetare. Ba sa son haɗuwa, shi ya sa suke barin saƙo a itace. Mai wucewa ya gani ya gane, ba sai an yi magana ba."

Korau ya tsaya. Ba sai an yi magana ba. Ya dafa kansa inda hula take a da.

"Inna, abin da aka zana a ƙasar nan, yana fita a kan fatar can gida?"

"Yana fita. Amma abin da hannunka zai zana, a can bai kai ƙwayar gero ba."

"In an kwantar da ciyawa fa, layi uku, daga bangon daji zuwa gindin rimin can? Ina da mai ɗinki. In ta ga ƙafar kaza ba ta tambaya. Ni zan ja ɗaya. A roƙar mini uwar da 'yar su ja biyu."

"Masu ratsi ba sa aikin gayya, ɗan Adam. Kuma layukan nan naka wuri ɗaya za su haɗu. Ka san abin da zai faru in mayunwata biyu suka haɗu da nama a baki?"

"Ni zan tsaya a tsakani."

Tsohuwa ta dube shi da idon nan nata na zuma. "To. Za ka fara biyan abin da ka yanka."

Al'adarsu ce in sun yi kamu su ja shi zuwa wuri mai duhu su ci a hankali, su rufe saura da ganye. Duhuwa ta jira har kowace ta dace. Uwar ta kayar da barewa mai ƙaho kamar reshe, Auta ta sami aladen daji. Tsohuwa ta janye inuwa daga ko'ina ta tara ta a gindin rimi, dole kowace ta nufo can. Korau kuma ya ɗaura igiya a wani gungume ya taso ta tsakiya, yana ja yana faɗuwa, igiya ta saɓule masa kafaɗa. Ciyawa ta yi ta kwanciya a bayansu.

Tare suka iso. Uwar ta saki barewa ta kwantar da kunne. Gurnanin da ta yi ba a kunne Korau ya ji shi ba, a ƙashinsa ya ji, har ya kasa ɗaga ƙafa. Auta ma ta buɗe haƙora. Shi kuwa ga shi a tsakiya, ba hula, ba ƙarfi. Sai ya zauna, ya sunkuyar da kai, ya ce wa dama salamu alaikum, ya ce wa hagu salamu alaikum.

Can sai Auta ta rufe baki ta hura iska ta hanci, fur-fur-fur, a hankali. Uwar ta daɗe tana kallonta. Sannan ita ma ta hura.

"Gaisuwarsu ke nan in ba faɗa," in ji Duhuwa daga cikin rimi. "Rabon da in ji ta tun Auta na bin bayan uwarta."

Mu bar su nan mu leƙa gida. Duk kwanakin nan da Korau ya yi, a gida ko tuwon rana bai nuna ba. Ladingo ta fito kiransa, ta ga takalmansa, ba ta gan shi ba. Ta ga fata warwatse. Ta duƙa, sai ga gashin yankin ƙugu ya kwanta layi uku, ƙafar kaza sak, ga kuma wani ɗan baƙin abu kamar kaska yana motsi a inda suka haɗu.

Duk da haka bakinta bai fasa ba. "Ko ɓacewa zai yi, sai ya bar mini aiki."

Ta sauke tukunya, ta ɗauko basilla da jijiya, ta zauna ta shiga haɗa ratsi da ratsi, kowane layi da ɗan'uwansa.

A can kuwa sama ce ta tsage. Wani ƙarfe kamar giginya ya sauko ya soki bakin daji, ya nutse, ya ɓullo a tsibirin hayi, yana jan igiya mai kaurin hanya. Ƙasa ta yi nishi. Tsibiri ya taso yana matsowa har ya manne. Rabin itace ya sami rabinsa. Rafin da ya tsaya ya ci gaba da gudu. Inda zaren ya bi sai saiwoyi suka kama. Haka aka yi ta yi, gabas da yamma, Farin Fili na tsukewa, Sarkin Tarko na ja da baya yana cizon haƙoran ƙarfensa.

Amma da suka doshi Kogin Iwa, Korau a gaba, Auta na biye cikin ciyawa, sai suka tarar da rami a tsakiyar duniya. Yankin da ɗan dambe ya tafi da shi.

"A nan uban Auta yake," in ji Duhuwa. "Da wata mai goyon 'ya'ya ƙanana. Suna cikin aljihun wani yanzu. Su kam ba ɗinkin da zai dawo da su."

Korau ya leƙa ramin, bai ga ƙarshensa ba.

Sai ga wata jar ƙasa ta sauko ta rufe ramin. Korau ya taɓa ta ya gane jar fatar akuya ce, jimar hannunsa, Ladingo ta yi faci da ita. Ana iya takawa, amma fayau take, ba ko tsinke. Auta ta zo baki ta tsaya. Ratsin da ke ɓoye ta a ciyawa, a nan tallarta zai yi. Ta kwanta ta ƙi gaba. Wayoyin Sarkin Tarko kuwa, da suka rasa wurin zama, sai suka yi ta rarrafowa kan facin suna binne kansu.

"Ka ga hasken can a hayi?" in ji Duhuwa. "Hudar basilla ta ƙarshe ce. Ita ce ƙofarka. Da zarar mai ɗinki ta ƙulle zare, ta rufe har abada."

Korau ya dubi hasken, ya dubi Auta. Ya ce a ransa, 'yar dukawa, kada ki bar facin nan tsirara, ba a san gidanku da haka ba.

Ai kuwa. Baduku ba ya barin faci ya nuna kansa. Ladingo ta jawo ɗan kaskon kuloko, baƙin rinin nan na dukawa, ta tsoma tsinke ta shiga ja wa facin ratsi, tana haɗa na hagu da na dama. Duk layin da ta ja sai ya sauka a can ya zama jerin itatuwa, sirara, amma da inuwarsu. Auta ta ɗaga kai. Ta sa ƙafa cikin inuwar farko.

Korau ya shige gaba yana tone wayoyi da wuƙa yana jifa. Sun wuce rabi, hasken na ƙara kusa, har ya fara sauri. Sai ya ji ƙyas a bayansa.

Waya ta kama Auta a ƙafar gaba. Tana fizga tana ƙara shiga nama. A sama kuwa igiya ta motsa, ana jan ɗinkin ƙarshe, hasken ya fara tsukewa.

"Gudu, Sarkin Majema," in ji murya daga ƙarƙashin ƙasa. "Wa ya ga sharaɗi in ka riga ka fita? Bar mini ita."

Korau ya juya ya koma. Auta ta buɗe masa baki, haƙora kamar turaku. Ya rufe nasa bakin ya hura iska ta hanci, fur-fur-fur, irin ta tsohon majemi mai mura. Ko dariya ce ta kama ta, ko ganewa ta yi, oho, ta dai tsaya. Ya cusa wuƙa tsakanin waya da ƙafa ya murɗa. Wuƙar ta karye daidai giɓinta. Ya cusa yatsunsa ya ja zargen da iyakar ƙarfinsa. Ƙafa ta fita, waya ta tsuke a kan ɗan yatsansa ta tafi da kan yatsan.

Ya ɗaga ido. Hasken ya koma kamar tauraro, ga nisa. Ya zauna ya ce, "Tafi ke dai. Sha ruwan."

Sai ya ji numfashi mai zafi a ƙeyarsa. Auta ta kama shi ta bayan wuya, a hankali, yadda uwarta ke ɗaukarta tana jaririya. Ta ɗaga shi ta zabura, tana ɗingishi tana tsalle daga inuwa zuwa inuwa, har jar ƙasa ta ƙare, iwa, ciyawar bakin ruwa, ta buɗe, ga kogi shimfiɗe yana ƙyalli. Ta ajiye shi. Ta sunkuya ta sha.

"Sharaɗi ya cika," in ji Duhuwa. "Sai dai ina jin ka makara. An ja zare tun ɗazu."

Korau ya duba sama. An ja shi kam, ɗinki ya zauna daram. Amma ga bakin igiya nan yana reto a kan ruwa, ba a ƙulle ba.

Dariya ta kama shi har da hawaye. "Inna, ba ki san 'yar dukawa ba. Ko duniya za ta tashi, ba ta ƙullewa sai an roƙe ta."

"To hau, ɗan Adam. Ka tsare fatar nan daga wuƙa da gara da masu saye. In wani ya zo neman guntu, ka gaya masa wanda yake aika."

Ya kama igiya da hannu ɗaya da rabi ya hau. Da ya waiwaya, bai ga komai ba sai ciyawa da inuwa. Can wani yanki na ciyawar ya yi numfashi, ya miƙe a jikin wani itacen da ba a taɓa karta ba, ya sa farce.

Ladingo na zaune da zare a yatsa sai ga mijinta ya ɓullo ta hudar basilla kamar zare, ya zube a tabarma, ba hula, ba wuƙa, yatsa na jini, sawun haƙora a ƙeya. Ta yage bakin zanenta ta ɗaure masa yatsan. Sannan ta ɗaure fuska.

"Sannu da zuwa, Maigida. Wannan ma ita ta yaga kanta?"

Korau ya dubi fatar, ya dubi jan facin da ke tsakiyarta.

"A'a, Ladingo. Ni na yanka. Kin hana ni, na yanka. Don Allah ƙulle mini."

Ta tsaya tana kallonsa, don tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Sannan ta lashi zaren, ta ƙulle, ta cije saura.

Suka naɗe fatar da ganyen darbejiya suka sa a rufewa, rumbun nan na laka. Masu neman layar kwarjini sun yi ta zuwa, Korau ya nuna musu guntun yatsansa ya ba su labari, wasu su ji, wasu su tafi neman wani majemin. Ɗan damben nan kuwa, Korau ya yi cigiyarsa kasuwa-kasuwa, ba a sake ganinsa ba.

Duk damina sukan fito da ita su duba ɗinki. Wata shekara Ladingo ta shafa facin ta ce, "Maigida, kawo hannunka." Gashi ne ya tsiro a gefensa, laushi-laushi, ruwan goro da baƙi, yana bin layin kuloko. Tsakiyar dai tana nan fayau, fatar akuya, kuma haka ta zauna har ƙarshen ransu.

Ƙurungus. Na ja zarena, na ƙulle, ku kuma ku tashi ku ba ni wuri in miƙe ƙafa.